Tashin zuciya da jiri bayan aikin maƙoƙo: yadda za ki lallaɓa jikinki daga daren farko zuwa mako na shida

Wanda za a yi wa aiki a wuya, hankalinsa duk yana kan wuƙa ne, da tabon da za ta bari, da fargabar ko murya za ta dawo daidai. Ba kasafai yake kawo maganar ciki a ransa ba. Sai an farfaɗo daga maganin barci, ga filasta a wuya, ga maƙogwaro na raɗaɗi saboda robar numfashi da aka zura, sannan zuciya ta fara tashi. A ce a zauna a bakin gado kuma, ɗakin ya shiga juyawa.

Wannan ba ya nufin aikin ya ɓaci. Tayirod ita ce ƙwayar nan mai siffar malam-buɗe-littafi da ke gaban wuya, ƙasa da zakaran wuya, wadda in ta kumbura muke cewa maƙoƙo. Tiyatarta na cikin ayyukan da aka sani da jawo tashin zuciya da amai, kuma yawanci abin kan lafa cikin kwana ɗaya ko biyu. Sai dai akwai tashin zuciya da jirin da ke ɗauke da saƙo, kuma lokacin zuwansu ne ke tona asirinsu. Wanda ya zo a daren farko daban, na kwana na uku daban, wanda ya ɓullo bayan wata guda shi ma daban. Shi ya sa jagorar nan za ta bi kwanakin ɗaya bayan ɗaya.

Zan riƙa cewa "ke" domin mata ne suka fi yawa a wannan layi, nesa ba kusa ba. Maza su yi haƙuri, duk abin da ke nan ya shafe su.

Mataki na 1: Ki yi magana tun kafin a shiga ɗakin tiyata

Idan ba a riga an yi aikin ba, kina da damar da ta fi kowace. A shekarar 1999 wani likitan sa barci ɗan ƙasar Jamus, Christian Apfel, ya fitar da abubuwa huɗu da ake auna haɗarin amai bayan tiyata da su: kasancewa mace, rashin shan taba, tarihin amai a mota ko bayan wata tiyata da ta gabata, da kuma amfani da magungunan ciwo masu ƙarfi irin su mofin bayan aiki. Wanda ba shi da ko ɗaya, haɗarinsa kusan kashi 10 cikin 100 ne. Wadda ta haɗa duka huɗun, nata ya kusa kashi 80. Ki lura, mace marar shan taba ta riga ta cinye biyu tun ba a taɓa ta ba.

To ki faɗa wa likitan sa barci in mota na sa ki amai, ko kin taɓa shan wahala bayan wata tiyata. Kan wannan bayanin ne zai haɗa miki maganin rigakafin amai tun kina barci, galibi deksametason da ondansetiron, wani lokaci ma ya canza irin maganin barcin gaba ɗaya. Ki lissafa masa duk magungunan da kike sha, musamman na hawan jini, na suga, da na rage gudun zuciya.

Mataki na 2: Awa 24 na farko

A nan ne zan ɗan ja hankalinki da ƙarfi. Amai bayan aikin ƙafa wahala ce kawai. Amai bayan aikin wuya ya wuce wahala, domin kakarin da ake yi yana tura jini da ƙarfi cikin jijiyoyin wuya, a daidai wurin da aka gama ɗaure su ɗazu. Idan wata ta ɓalle, jini na taruwa a ƙarƙashin ɗinkin ya danne hanyar numfashi. Abin ba ya yawan faruwa, bai wuce mutum 1 ko 2 cikin 100 ba, kuma ya fi zuwa a cikin awa 6 na farko. Amma shi ne dalilin da ya sa a wannan daren ba a nuna jarumta.

Da zarar kin ji zuciya ta fara tashi, ki kira nas. Kada ki ce bari in ga ko zai wuce. Maganin ya fi kama jiki kafin a fara amai, kuma ana iya ba da shi ta allurar da ke hannunki ba sai kin haɗiye komai ba. Idan na farko bai yi aiki ba ki faɗa, akwai wasu nau'o'in da ke bi ta wata hanyar daban.

A ɗaga kan gadon yadda kanki da ƙirjinki za su fi cikinki tsawo, kamar kin kishingiɗa. Wannan na rage kumburin wuya, yana kuma hana ruwan ciki tasowa. Idan aka ba ki izinin shan ruwa, ki fara da kurɓa ɗaya, ki jira minti 5 ko 10, ki ƙara. Ƙishirwa za ta ce ki kafa kai ki shanye kofin, kada ki biye mata. Tsotson ƙanƙara ma na taimakawa, ga shi yana sanyaya maƙogwaro.

Akwai ƙananan dabaru biyu da ba sa cutarwa. Ɗaya ita ce shaƙar audugar sifirit ɗin da ake goge fata da ita kafin allura: a riƙe ta kusa da hanci, a ja numfashi a hankali sau biyu ko uku. Sauƙin na ɗan lokaci ne, amma yana iya riƙe ki kafin magani ya iso. Ɗayar kuma danna wani gurbi a cikin hannu, faɗin yatsu uku daga gaɓar wuyan hannu, tsakanin jijiyoyi biyun nan da ke fitowa in kin dunƙule hannu. Ki danna da babban yatsa na minti biyu. Wasu na jin daɗinsa, wasu ba sa jin komai.

In amai ya zo duk da haka, ki tashi zaune, ki ɗan sunkuya gaba da jikinki gaba ɗaya, wani ya tallafe miki goshi. Kada ki yi shi a kwance rigingine. Bayan kin gama ki kurkure baki, ki sa a duba wuyan. Wuya ya kumbura, ko kin ji kamar an ɗaure shi tamau, ko numfashi na fita da ƙara, ko haɗiyar yawu ta gagara, ko murya ta canza nan take: wannan ba abin jiran safiya ba ne. A asibiti ki danna ƙararrawa, a gida kuma a wuce da ke sashen gaggawa ba tare da tsayawa kiran waya ana shawara ba.

Mataki na 3: Ki sake koyon tashi daga gado

Mafi yawan jirin kwanakin farko daga tashi tsaye yake. Kin yi awanni ba ci ba sha, kin rasa ɗan jini, maganin barci ya saki jijiyoyi, kin kuma daɗe a kwance. Da kin miƙe sai jini ya gangara ƙafafu, ƙwaƙwalwa ta ɗan rasa rabonta, ido ya yi duhu. Likitoci na tabbatar da shi ta auna hawan jini a kwance da kuma a tsaye: idan lambar sama ta sauka da 20, ko ta ƙasa da 10, cikin minti 3 da miƙewa, shi ne.

Ga yadda ake yi. Ki juya kan gefenki tukuna. Ki zuro ƙafafu ƙasa, ki tura jikinki sama da hannu ɗaya, ɗayan kuma yana tallafe da ƙeyarki don kada naman wuya ya ɗauki nauyin kai. Ki zauna minti ɗaya ko biyu kina motsa yatsun ƙafa da idon sawu. Sannan ki miƙe kina riƙe da wani abu, ki tsaya ki ƙirga goma kafin ki ɗaga ƙafa. Tashin farko bayan aiki kada ki yi shi ke kaɗai ko da kina jin garau.

Wurare biyu ne aka fi faɗuwa: hanyar banɗaki cikin dare, da wurin wanka. Ki bar fitila a kunne. Ruwan wanka ya zama mai ɗumi kawai, domin mai zafi sosai na buɗe jijiyoyi ya ƙara saukar da jini. Ki ajiye kujera a ciki, kuma kada ki kulle ƙofa. Idan kika ji duhu ya taso, ki zauna a inda kike ko da a ƙasa ne, ko ki kwanta a ɗaga ƙafafunki. Kunyar zama a ƙasa ta fi sauƙi a kan faɗuwa da sabon ɗinki.

Duk da haka kwanciya ba ita ce maganin ba. Ɗan zagaye a cikin ɗaki sau da yawa a rana shi ke koya wa jiki daidaita jininsa, yana kuma hana jini daskarewa a ƙafa.

Mataki na 4: Kwana na biyu da na uku, ki sa ido kan kalsiyam

Wannan matakin ya fi shafar wadda aka cire wa tayirod gaba ɗaya. Wadda aka cire wa rabi ba kasafai take gamuwa da shi ba.

A bayan tayirod akwai wasu 'yan ƙwayoyi huɗu, kowace ba ta fi ƙwayar shinkafa ba, ana ce musu faratayirod. Su ke riƙe da ma'aunin kalsiyam na jini. Likita na iya ƙoƙarinsa ya bar su, amma ko taɓa su da aka yi ko raguwar jinin da ke zuwa musu na iya sa su yi yaji na wani lokaci. Kusan mutum 1 cikin 4 na samun saukar kalsiyam na wucin gadi bayan an cire duka, kuma yawanci ƙwayoyin na farfaɗowa cikin makonni. Matsalar ita ce abin ya fi bayyana tsakanin awa 24 zuwa 72, lokacin da wataƙila an riga an sallame ki.

Alamarsa ta farko ba jiri ba ce. Za ki ji kamar kiyashi na tafiya a leɓɓa da kewayen baki, ko kamar ana tsira miki allurai a kan yatsun hannu da na ƙafa. Daga nan sai nama ya fara ɗaurewa, yatsu su ƙage su haɗe wuri guda. Idan jirinki ya zo tare da ɗaya daga cikin waɗannan, kada ki ɗora wa gajiya. Ki bi umarnin da aka ba ki na ƙarin ƙwayar kalsiyam idan an ba ki, ki kira asibiti a ranar, domin gwajin jini ne kawai zai nuna matsayinsa. Idan hannu ya ƙage, ko maƙogwaro ya shaƙe, ko jiki ya fara fizga, asibiti kai tsaye.

Tsoro ma na da nasa hannun a nan. Mutum in ya firgita sai ya riƙa numfashi da sauri, shi kuma saurin numfashin yana ƙara rage kalsiyam ɗin da jiki ke iya amfani da shi, sai tsirar allurar da jirin su ƙaru, tsoron ya ƙaru. Ki ja numfashi ta hanci a hankali, ki sake shi a hankali fiye da yadda kika ja, kina jiran a ɗauki wayar.

Yanzu ga inda tashin zuciya da kalsiyam ke cin karo. Ƙwayar kalsiyam babba ce, tana kumbura ciki, tana taurara bayan gida, ga maƙogwaro na ciwo. Sai mutum ya ce bari in huta da ita yau. A ganina wannan ne kuskure mafi haɗari a duk makon farko. Idan amai ya hana kalsiyam zama a cikinki, ko kalsitiriyol, wato nau'in bitamin D da ake haɗa shi da shi, wannan kaɗai ya isa dalilin komawa asibiti, domin ana iya ba da shi ta jijiya. Kafin a kai nan akwai gyare-gyaren da za ki nema: kalsiyam nau'in kabonet ana shan sa ne tare da abinci, akwai na taunawa da na narkarwa a ruwa, akwai kuma nau'in sitiret wanda ya fi sauƙi ga wasu cikunan kuma ya fi dacewa da mai shan maganin rage tsamin ciki. A raba shi kashi-kashi cikin yini ya fi a haɗiye shi lokaci guda.

Ɗaya gefen kuma, kalsiyam in ya yi yawa shi ma yana tayar da zuciya. Idan bayan mako ɗaya ko biyu kika fara jin tashin zuciya da ƙishirwa mai yawa, yawan fitsari da taurin bayan gida, mai yiwuwa ƙwayoyin nan huɗu sun dawo bakin aiki, maganin kuma ya zarce buƙata. Kada ki rage da kanki. A gwada jini, likita ya rage a hankali.

Mataki na 5: Abinci, ruwa da maganin ciwo

Cikin da babu komai ya fi saurin tashi. Ki ci kaɗan-kaɗan sau biyar ko shida a rana, abu mai laushi marar maiƙo da yaji: farar shinkafa, burodi, ayaba, dafaffen dankali, yogot. Abinci mai sanyi ko mai ɗumi-ɗumi ya fi mai tururi, saboda ƙamshi ma na tayar da zuciya, don haka ki nisanci inda ake girki. Bayan cin abinci ki zauna kamar awa ɗaya kafin ki kwanta. Citta na taimaka wa wasu, ɗan yanki a ruwan ɗumi ya isa, amma mai shan maganin tsinka jini ta fara tambaya.

Fitsarinki ne zai gaya miki ko ruwa ya ishe ki: in ya yi duhu kuma ya yi kaɗan, da saura. Idan kin yi amai sau da yawa, ruwan gishiri da suga ya fi ruwa zalla, ko na leda ko na haɗawa: lita 1 na tsabtataccen ruwa, ƙaramin cokali 6 na suga, rabin ƙaramin cokali na gishiri.

Sai ki duba jakar magungunanki da idon zargi. Taramadol da kodin da 'yan uwansu su ne kan gaba wajen kawo tashin zuciya, jiri da taurin bayan gida. Ciwon aikin tayirod kuwa yawanci bai kai yadda ake tsoro ba, mutane da yawa farasitamol kaɗai ke isar su bayan kwana ɗaya ko biyu, in dai babba bai wuce giram 4 a awa 24 ba. Ibufurofen sai da yardar wanda ya yi aikin. Shi kansa ondansetiron yana taurara bayan gida, taurin kuma na dawo da tashin zuciyar da ake gudu, don haka in kwana uku suka wuce ba ki zaga ba ki nemi maganin sassautawa, kada ki yi ta nishi da sabon ɗinki a wuya.

Masu hawan jini da masu suga su riƙa aunawa. Maganin da ya yi daidai lokacin da ake cin abinci sosai yana iya yin yawa yanzu da ake tsakura. Jiri da gumi da rawar jiki ga mai suga, a fara auna sugan. Wadda kuma aka yi wa aiki saboda tayirod ɗinta na aiki fiye da kima, tana iya kasancewa har yanzu kan maganin rage gudun zuciya, wanda shi ma ke kawo jiri in buƙatarsa ta ragu. Ba a yanke shi dare ɗaya, likita ne ke janye shi.

Idan jirin bai yi kama da na tashi tsaye ba

Lokacin aiki ana sa matashi a ƙarƙashin kafaɗu a miƙar da kai baya na awanni. Daga baya ƙeya na ciwo, kafaɗu su yi tauri, mutum ya riƙa jin kamar yana tafiya a kan katifa. Tsoron ɗinki kuma ya sa a sanƙarar da wuya, abin ya ƙaru. Juya kai dama da hagu a hankali da jujjuya kafaɗu, gwargwadon yadda aka nuna miki a asibiti, ba ya kwance ɗinki.

Akwai kuma hajijiya ta gaske, wadda ɗaki ke juyawa da ke in kin mirgina a gado ko kin ɗaga kai, ta tsaya kafin minti ɗaya. Wannan daga can cikin kunne take, inda wasu ƙananan ƙwayoyi ke kauce wa mazauninsu. Akwai juye-juyen kai da ake kira dabarar Epley da ke mayar da su, kuma bidiyonta ya cika intanet. Da sabon rauni a wuya kada ki gwada ta da kanki, ki bar wa ma'aikacin lafiya.

Jirin da ya zo da karkacewar baki, sarƙewar magana, mutuwar hannu ko ƙafa, ciwon ƙirji, haki, suma, ko zazzaɓi mai zafi da gudun zuciya da ruɗewa, babu ɗaya daga cikinsu da ake jinyarsa a gida. Tuƙi kuma sai jirin ya tafi, kin daina shan magani mai sa maye, kuma kina iya waiwaye ba tare da ciwo ba.

Mataki na 6: Makonnin da ke biye

Theodor Kocher, likitan birnin Bern na ƙasar Suwizalan wanda aka ba kyautar Nobel a 1909 saboda aikinsa kan tayirod, ya lura tun 1883 cewa waɗanda ya cire wa ƙwayar gaba ɗaya suna komawa masu kasala da kumburi da nauyin tunani. A lokacin babu abin maye gurbinta. Yau ƙaramar ƙwaya ɗaya ce a rana, lebotayiroksin, sai dai tana da ƙa'idodinta.

Ana shan ta da ruwa zalla kafin a ci komai, a jira minti 30 zuwa 60 kafin karin kumallo. Tsakaninta da kalsiyam ko maganin ƙarin jini a bar awa 4, domin suna riƙe ta a hanji su hana ta shiga jiki. Mai tashin zuciyar safe za ta iya tambaya ko a mayar mata da ita lokacin kwanciya, bayan awanni da cin abincin dare. Idan kuma kin amayar da ita rana ɗaya, kada hankalinki ya tashi: tana daɗewa a jini, sai bayan kusan kwana 7 rabinta ke ƙarewa. Kin ga bambancinta da kalsiyam ke nan.

Wannan daɗewar ce ta sa alamun rashin daidaiton awo ba sa fitowa da wuri. In ta yi yawa, za ki ji faɗuwar gaba, rawar hannu, gumi, rashin barci da jiri. In ta yi kaɗan, kasala, jin sanyi, taurin bayan gida da nauyin kai. Ana yin gwajin jini mai suna TSH, wanda ke nuna ko awon ya yi daidai, bayan mako 6 zuwa 8 da fara sha ko da canza awo, domin kafin nan sakamakon bai zauna ba. Amma in alamun sun matsa miki, musamman bugun zuciya, ba sai kin jira ranar ba.

Ki samu takarda tun ranar da aka sallame ki. Duk sanda zuciya ta tashi ko jiri ya zo, ki rubuta ranar da lokacin, abin da kike yi, maganin da kika sha kafin nan, da tsawon lokacin da ya ɗauka. Idan hannunki bai kai ba, mai jinyarki ta rubuta. Ranar komawa asibiti ki tafi da takardar tare da kwalayen magungunan duka, har da waɗanda kika saya da kanki.